Fastonmu zai tafi hutun wata uku, me ya kamata ya zauna ya duba?

Dattijo Ishaya:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka daɗe cikin aikin Ubangiji. Mu dattawan ikilisiyarmu a nan cikin Maradi mun amince fastonmu ya tafi hutun wata uku, daga bayan Kirsimeti zuwa gab da Ista. Mun zaɓi lokacin ne don an gama kaka, zafin bazara bai sauko ba, kuma ba ya cin karo da aikin gona. Shekararsa 14 tare da mu, in ka ɗebe rashin lafiya da zaman makoki a garinsu, ban tuna ya bar mumbari Lahadi biyu a jere ba. Mun ce masa ba kwanciya kaɗai muke so ya yi ba. Muna so ya dubi burin da ya shigo aikin nan da shi, ya ga wanne ya cika, wanne ya tsaya a hanya, a ikilisiya da kuma cikin gidansa, sannan ya dawo mana da shi a rubuce. Da na kai masa saƙon sai ya dube ni ya ce, "To Dattijo, me zan rubuta?" Ba mu taɓa yin irin wannan ba. Wanda ya taɓa yi, ko ya ga an yi, ya taimaka mana.

Bitrus:
Baba Ishaya, a yi mini gafara, amma tunda maganar ta fito fili zan faɗi abin da matasa ke faɗi a bayan ido. Wata uku? Babana tela ne a babbar kasuwa, tun ina yaro ban ga ya rufe shago sati guda ba. Iyayenmu mata da ke jefa dala 20 cikin baiko, ƙosai da ƙuli-ƙuli suke sayarwa kafin su same ta. Tun da aka rufe iyakar Najeriya a 2023 bayan juyin mulki, ko da aka buɗe, kasuwa ba ta koma yadda take ba. Yanzu a ce wa waɗannan mutanen fasto ya tafi yin tunani wata uku, albashinsa kuma na tafiya? Ba raini ba ne Baba, tambaya ce.

Hannatu:
Tambayar tana kan hanya. Ko a zumuntar mata an yi ta, ba wadda ta yarda ta ɗaga murya ne kawai.

Mama Rifkatu:
Bitrus ɗana, ba ka yi laifi ba. Bari in ba ka amsa daga cikin gida, don ni matar fasto ce har ranar da Ubangiji ya kira shi. Babanka in ya ja ƙofar shago da magariba ya gama da mutane sai gobe. Gidan fasto ba a rufe shi. Zan sauke tuwo, ya wanke hannu, bai kai loma biyu ba sai a yi sallama. Mace na naƙuda ba abin hawa, ko miji da mata sun yi faɗa har ta ɗaure kayanta, ko yaron wani na hannun 'yan sanda. Ya miƙe ya buga babur. In rufe tuwon da faifai, da safe in ɗumama wa yara. Ranar da ɗiyata ta fari ta ci jarrabawar brebe, ta ƙarshen ƙaramar sakandare, a bakin malaminta ya ji, bayan sujada, a gaban mutane.

Amma ba gajiyar ce ta fi ci mini rai ba. Mijina ya san ranar auren kowa, ya san wanda ake bi bashi da wanda matarsa ba ta haihuwa, amma bai taɓa samun sarari ya zauna ya yi lissafin kansa ba. Bai taɓa tambayar ina za mu kwana ranar da aka ce ya huta ba. Da ƙarfinsa ya ƙare aka kawo sabon fasto, dole muka fita daga gidan ikilisiya, don gidan na aiki ne. Ba wanda ya wulaƙanta mu. An yi mana walima, an ba mu turmin atamfa da agogon bango. Amma ko taku ɗaya na fili ba mu da shi. Haya muka koma, ɗaki biyu can bayan gari, da tsufanmu.

Dattijo Ishaya, in abu ɗaya za ka gaya wa fastonku, ka ce ya rubuta wannan: nan da shekara 10, shi da iyalinsa ina za su zauna, me za su ci, yara ina karatunsu zai kai. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus da kansa ya tambayi Timoti, wanda bai iya riƙon gidansa ba ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah.

Bitrus:
Allah ya ƙara haƙuri Mama. Na ji wannan har cikin raina. Amma maganar kuɗin tana nan, zan dawo kanta.

Fasto Yohanna:
Salama. Na taɓa yin irin wannan hutun, a ikilisiyar da nake riƙe wajen Tasawa, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Da farko kada ku sa ido ya fara rubutu a satin farko. Mutumin da ya daɗe a guje, in ya tsaya, jikinsa ne ke fara magana. A Sarakuna na Fari sura 19, da Iliya ya ce ya isa haka, ya kwanta ƙarƙashin itace, ba da tambaya aka fara masa ba. Abinci da ruwa aka ajiye masa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai da ya isa Horeb aka tambaye shi me yake yi a wurin. Ku bar fastonku ya bi wannan tsarin.

Bayan nan, ban fara da tambayar me nake so in yi nan gaba ba. Wannan tambayar dogon jeri take haifarwa na abubuwa masu daɗin ji, a karanta a taro, a tafa, a manta. Takardu na kwaso. Littafin baftisma, na ɗaurin aure, rahoton zaman dattawa tun daga zuwana, da tsoffin littattafan da nake tsara wa'azi a ciki. Akwai kuma wata takarda da na rubuta a shekarar da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, tana naɗe cikin akwatin matata. Abu biyu na sa a ciki lokacin: in horar da masu bishara su fita ƙauyuka, in kuma koya wa manya karatu har kowa ya iya buɗe Littafi da kansa. Na shimfiɗa tabarma na jera su duka.

Rahoton zaman dattawa ne ya nuna mini inda shekaruna suka tafi. Kwano, siminti, ƙofar ƙarfe, katanga. Bayan Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, kusan kowane zama maganar katanga ce da mai gadi. Ba na cewa ba a bukatarsu, duk wanda ya ga waɗannan kwanakin ya san ana bukata. Amma da na nemi sunayen waɗanda na zaunar na koya musu har za su iya riƙe ikilisiya in ba na nan, mutum biyu na samu, ɗayan ma ya tafi Agadas neman na kansa. Ajin karatun manya kuwa, rahoton ya nuna an dakatar da shi "na ɗan lokaci" saboda damina, ba a sake ambatonsa ba. Littattafan wa'azin su ma sun yi magana: ayoyi kaɗan ne nake ta komawa kansu kowace shekara, annabawa ƙanana kamar ba sa cikin Littafina. Mutanen ikilisiya ba za su taɓa gaya maka wannan ba, don suna jin nauyinka. Takarda ba ta jin nauyin kowa.

Sannan na je na tambayi mutane, kowa shi kaɗai: matata, babban ɗana, dattijon da ya fi yi mini gardama a zama, da maƙwabcina Musulmi da muke katanga ɗaya. Amsar maƙwabcin nan ce ta fi zauna mini. Ya ce, "Fasto, da kana zama da mu a dakali bayan la'asar. Yanzu sai dai mu ji ƙarar babur ɗinka." Ni da na shigo garin don in zauna da mutanensa.

Abin da na kai wa dattawa bai cika shafi biyu ba, kuma fiye da rabinsa abubuwan da zan sauke ne daga kaina, da sunan wanda nake ganin zai ɗauka.

Malam Ayuba na Tsibiri:
Fasto Yohanna ya taɓo inda nike so. In an yi maganar hutun bawan Allah, mutane na son kawo Littafin Firistoci sura 25, cewa ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Gaskiya ne, haka anka rubuta. Amma a ƙasar Maradi wa ke da gonar da zai bari ta kwana yanzu? Mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke. Abin da ya taimake mu sassabin zamani ne. Ku tuna, wajen 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM nan Maradi, ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na da rai ƙarƙashin ƙasa. Yunwar 1984, wadda munka sani da El Buhari, ita ta sa mutane da yawa sunka gwada abin, don an haɗa shi da rabon abinci. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa sunka dawo a Nijar.

To yaya ake yi? Kututturen kalgo ko sabara shina iya fidda tofo ashirin. In ka bar su duka, ba ko ɗaya da zai zama icce, sai dai cunkus. Sai ka duƙa ka zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ka sare sauran da kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Abin da ke da wuya, waɗanda kake sarewa ba matattu ba ne. Ɗanyu ne, masu kyau, hannunka na rawa. Haka burin fastonku. Makarantar yara abu ne mai kyau, sabon gini mai kyau ne, bishara a ƙauye, ƙarin karatu, lambu, duk masu kyau. In ya dawo da guda ashirin, hutun bai yi ba. Ku tambaye shi waɗanne ya sare.

Dattijo Ishaya:
Malam Ayuba, wannan zan kai masa yadda ka faɗa.

Dattijo Garba:
Duk na ji, amma ba wanda ya faɗi abin da ke cikin zuciyar dattawa da yawa. In mutum ya zauna ya yi irin wannan lissafin da gaske, amsar na iya fitowa cewa lokacinsa a wurin ya ƙare. Na san faston da ikilisiyarsa ta haɗa kuɗi ya tafi ƙarin karatu Jos. Ya dawo da takarda, ba a jima ba wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi, ga mota ga albashi mai kauri. Waɗanda suka biya kuɗin suka zauna shekara da shekaru da mai bishara kawai, ko jibin Ubangiji sai an nemo fasto daga wani gari. Ishaya, kun shirya wa wannan?

Dattijo Ishaya:
Mun taɓo ta, ba mu tsaya kan komai ba. Wasu sun ce ya sa hannu zai yi mana aƙalla shekara biyu bayan ya dawo. Wasu sun ce kunya ce a nemi sa hannun mutumin da ya binne iyayenmu.

Fasto Yohanna:
Baba Garba, tsoronka na gaskiya ne. A ganina ba laifi a yi yarjejeniya ta shekara guda, tunda ikilisiya ce ke ɗauke da shi cikin hutun, adalci ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ku ce ya yi lissafi amma kun riga kun rubuta masa amsa. In ya dawo ya ce yana ganin Ubangiji na kiransa wani wuri, gara ku ji tun da wuri ku yi shekarar kuna shiri tare, da ku riƙe mutumin da jikinsa ne kaɗai ke mumbari. Ikilisiyar Antakiya, a Ayyukan Manzanni sura 13, Barnaba da Shawulu ta saki, ba waɗanda ta gaji da su ba.

Kuma ku sani shi ma yana da nasa tsoron, ko da ba zai faɗa ba. Fastoci da yawa da ke ƙin hutu, ba son aiki ne kawai ba. Suna tsoron wanda zai riƙe wurin ya fi su iya wa'azi, mutane su saba da shi, su dawo su tarar ana musu kallon baƙo. Mun ga inda hutu ya zama hanyar sallama cikin ladabi. Don haka ranar da za ku sanar, ku tsaya gaban jama'a ku faɗi ranar tafiyarsa da ranar dawowarsa, ku ce shi ne fastonmu kuma shi muke jira. Mutum ba zai iya duba kansa da gaskiya ba in rabin hankalinsa na kan kujerarsa.

Dattijo Garba:
Wannan ta biyun ban taɓa dubanta ta nan ba. Ta farkon kuwa ina nan kan bakana, a rubuta.

Saratu:
Baba Ishaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, nawa gajere ne. Kafin ya buɗe kowane littafi, a kai shi a auna jininsa, suga, ido da haƙori. Ko nan cikin gari ko asibitin Galmi, duk inda ya fi sakewa. Fastoci nawa ke raka mutane asibiti kullum, su yi addu'a bakin gado, amma ba su taɓa miƙa hannunsu an ɗaura musu abin awo ba? Hawan jini ba ya sallama. Wanda ke shirin shekara 10 masu zuwa ya kamata ya san jikin da zai yi su da shi. Sai maganar waya. In ya tafi da layinsa, bai tafi ba. A ba mai riƙon ikilisiya wannan layin, a saya masa sabo wanda mutum uku kawai suka sani.

Hannatu:
Layin nan shi ne maganar. Amin Saratu.

Lidiya:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ina cikin mawaƙa. Ina ganin cikin abin da Baba Fasto zai duba har da wannan: mutanen da ya tarar shekara 14 da suka wuce ba su ne ke zaune gabansa yanzu ba. Mu da Faransanci muke karatu, da Hausa muke sujada, tambayoyinmu kuma daga waya suke zuwa. Kafin Lahadi ta zagayo, kowane matashi ya saurari masu wa'azin Najeriya biyar a WhatsApp, wannan na sayar da man shafawa, wancan na cewa in ka shuka jika 10 za ka girbi mota. Abokan karatunmu Musulmi kuma suna yi mana tambayoyi masu nauyi kan Triniti da kan ko an canja Littafi, cikin mutunci, kuma suna jiran amsa. Akwai 'yan mata da ke fama da maganar aure da wanda ba mai bi ba, akwai samari da hankalinsu ke kan hanyar Aljeriya da Libiya. Muna son faston da za mu kai wa waɗannan ba tare da an ce mana mu ƙara addu'a kawai ba. Ba na cewa ya koma makaranta, amma ya zaɓi abu ɗaya cikin waɗannan ya karanta shi sosai.

Dattijo Garba:
Ɗiyata, ba duk abin da matasa ke so ne fasto zai bi ba. Bishara ba ta canjawa. Waɗanda suka kawo ta Damagaram a 1924 ba su da waya, kuma ga mu.

Lidiya:
Baba, ban ce ta canja ba. Amma su ma sai da suka zauna suka koyi Hausa, suka buɗe asibiti a Galmi a 1950, suka kula da kutare a Danja, don sun dubi abin da ke damun mutanen da ke gabansu. Abin da nake roƙo ke nan.

Fasto Yohanna:
Lidiya ta yi gaskiya a kan zaɓen abu ɗaya. Wata uku ba ya ba da digiri. In yana da burin ƙarin karatun tauhidi a Yamai ko Kagoro, wannan hutun na yanke shawara ne, da lissafin kuɗi da shekaru da abin da iyali za su ci, ba na fara karatun ba. Wani in ya yi lissafin sai ya ga ba takardar yake so ba, girman da ake ba mai takarda yake so a taron fastoci. Wani kuma ya ga lalle yana bukata. Duka biyun amsa ce mai amfani.

Hannatu:
Ni abin da nake so in ƙara, kada mu tura mutum ɗaya ya yi lissafi mu kuma mu zauna. Mu ne muke kiransa da tsakar dare kan abin da maƙwabci zai iya. Lokacin ambaliyar damanar 2024, da gidajen ƙasa suka yi ta faɗuwa a garin nan, shi ne mai rubuta sunaye, shi ne mai neman tabarmi, shi ne mai rabon gero, dattawa na tsaye suna jiran ya ce. Surukin Musa ya gan shi zaune daga safe har yamma mutane na kewaye da shi, ya ce masa abin nan da kake yi ba kyau, za ka gaji, su ma su gaji. Fitowa 18 ke nan. Manzanni ma da rabon abincin gwauraye ya yi musu yawa, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu. In Baba Fasto ya dawo da jerin abin da zai sauke, ya tarar ba hannun da zai karɓa, wata ɗaya ba za a yi ba ya kwashe kayansa ya mayar kai. Kafin ya tafi a rubuta suna gaban kowane aiki. Gaida marasa lafiya, wane. Sasanta ma'aurata, wane da matarsa. Kwano da siminti, kwamitin gini, kuma kada a sake kai masa ko bayan ya dawo.

Bitrus:
To na dawo kan kuɗin. Bayan abin da Mama Rifkatu ta faɗa, ba zan ce a yanke masa albashi ba, iyalinsa za su ci abinci. Amma a faɗa a fili. A tsaya ran Lahadi a ce ga abin da hutun zai ci, ga inda za a samo shi, ga abin da za a ba mai riƙo. Abin da ke ɓata ran mutane ba yawan kuɗin ba ne, a ji shi a bakin wani ne a kasuwa. Na biyu, in da gaske ake rabon aiki, a tuna da mu. Matasa ba share majami'a da jera benci kaɗai suka iya ba. A ba mu wa'azin Lahadi ɗaya cikin wata ukun.

Dattijo Garba:
A fara da addu'ar Laraba. In mun ga kamun ludayinku, Lahadi ba ta da nisa.

Bitrus:
Mun karɓa Baba. Amma a sa a rahoto, kada ta zama irin ajin karatun Fasto Yohanna.

Dattijo Ishaya:
Zan rubuta da hannuna. Maganar faɗin kuɗi a fili ma na goyi baya, zan kai wa ma'aji. Saura tambaya biyu. Ina zai zauna? In ya tsaya gidan ikilisiya, mun san ba hutu. An kawo shawarar Maza Tsaye, cibiyar mishan da ke gefen Maradi, wasu sun ce ya yi kusa, mutane za su bi shi da babur. Garinsu kuma wajen iyaka yake ta ɓangaren Madarunfa, kun san halin da ake ciki da 'yan bindiga, ba za mu tura shi can ya kwana da ido ɗaya ba. Ta biyu, abin da ya rubuta, a gaban wa za a karanta?

Malam Ayuba na Tsibiri:
Kada ku sa shi wuri guda wata uku. Ya yi na farko nesa, inda ba a san shi ba, wurin wani tsohon fasto da zai iya gaya mishi gaskiya. Sauran ya matso kusa.

Mama Rifkatu:
Takarda biyu zai yi. Ta aiki taku ce, ku karanta a zaman dattawa, ku yi gardama a kanta, bayan shekara ku sake buɗe ta ku ga inda aka kwana. Ta gida kuwa tasa ce da matarsa. Bashinsa, lafiyarsa, abin da ke tsakaninsa da 'ya'yansa, ba na zaman dattawa ba ne. In kun ce sai kun gani, abin da kuke so ku ji zai rubuta muku. Abin da ya shafe ku a ciki, kamar maganar fili ko ajiyar tsufa, shi zai ɗauko ya kawo da bakinsa, ku kuma ku saurara ba tare da wani ya ce fasto ya fara son duniya ba.

Amma Ishaya, tun ɗazu ina jira in ji wani ya ambata. Janairu zuwa Maris yara na makaranta. Matarsa ita ke riƙe da zumuntar mata da makarantar Lahadi, in ban yi kuskure ba. In shi ya tafi ita ta zauna gidan ikilisiya, duk sallamar da ake yi masa ita za a yi wa, ga yara, ga ba miji. An zauna da ita?

Dattijo Ishaya:
Ba a kai ga nan ba tukuna, Mama. Yau da yamma ni da mai ɗakina za mu je mu same ta, kafin zaman Asabar.

Mama Rifkatu:
Ka bar mai ɗakinka ta shiga ita kaɗai tukuna, kai ka zauna waje da fasto. A gabanka za ta ce ba komai.

Hannatu:
Zumuntar mata ni da mataimakiyarta za mu riƙe har Ista, a gaya mata. Makarantar Lahadi kuma Lidiya, ko?

Lidiya:
Na ɗauka, in ban da satin jarrabawa.

Saratu:
Yaran su zo gidana in ta yarda, makarantarsu ba nisa da mu. Ko sati uku ne ta samu ta bi shi. A auna ta ita ma ranar da za a auna shi.